Shekarar da Muka Sa wa Motar Kawu Kilim

Da hantsi Kawu ya cika, kafin a kira azahar rabin tashar Konni na ƙofar gidansa. Ban aika wa kowa ba. Wani ɗan kabu-kabu ne ya ji kukan mata ya kai labari, sai ga direbobi suna ɓullowa ta kowace kusurwa, wasu ma da fasinja cike da mota. Wani mai zuwa Illela ya kashe inji a bakin layinmu, ya juya ya ce wa mutanen da ya ɗauko, "Na Allah muke, wurinai za mu koma. Mai sauri shi sauka shi nemi wata mota, ni sai na raka tsohon ga makwancinai." Ba wanda ya nemi wata mota. Mazan suka yi alwala suka bi sahu, matan suka shiga cikin gida wajen Iya, matar Kawu.

Kwana uku muna zaman makoki, ina ganin fuskokin da ban taɓa sani ba. Wata tsohuwa ta taso daga wajen Alela a kan amalanke, da ƴar ƙwaryar wake a cinya, ta zauna bakin zaure tana share ido da gefen zane. Ta ce shekara da shekaru in ya gan ta a bakin hanya sai ya tsaya, ko mota ta cika, ya sa wani saurayi ya matsa. Wani jandarma mai ritaya ya ba da labarin ranar da ya tsayar da shi duba takardu, Kawu ya sauko ya dubi babur ɗinsa, ya ce sarƙar ta yi sako-sako, ya ɗaure masa ita yana yi masa faɗa kamar ɗansa. Wani ƙaton direban babbar motar siminti daga Malbaza kuwa addu'a kawai ya yi, ya shafa, ya koma gindin bango ya rufe fuska da hula.

Sai dai kowa ya buɗe baki, kalma ɗaya ce: mai haƙuri ne, mai haƙuri ne. Ana ta faɗa har ta kai kunnen Iya a cikin gida. Matata ta ce Iya ta ɗago kai ta dubi masu gaisuwa ta ce, "Wane haƙuri? Shekara arba'in da wani abu ina zaune da mutumen ga. Ku bar yi mai ƙarya, kada shi tashi shi yi muku hwaɗa." Mata suka fashe da dariya da hawaye a fuska.

Maganar Iya ce ta sa na ɗauki biro. Ina tsoron nan da shekara goma a mai da Kawu wani salihin tsoho mai sanyin murya wanda ban taɓa zama da shi ba. Ni ɗan ƙanwarsa ne, a hannunsa na tashi tun ina da shekara sha biyu, na sha faɗansa fiye da kowa a garin nan, kuma ina son sa fiye da yadda zan iya rubutawa. Mutum ne mai zafin rai, mai riƙo, mai baki. In ya ɗauki nauyin mutum kuma, sai ya kai shi inda za shi.

Motarsa doguwa ce, ƙirar Faransa, mai layin kujera uku. Hannun wani Bature ya saye ta, cikin waɗanda ke ratso hamada da mota su sayar su koma gida a jirgi. Da fara ce. A zamanin da nake magana ta koma kalar kunu. Hanyarsa ɗaya: Konni, Malbaza, Badagishiri, Illela, ya juyo, sai ranar kasuwar Alela da yakan kai ƴan kasuwa can. Kullum bayan asuba zai fito da buta, ya buɗe bonet, ya duba ruwa da mai, ya tayar da inji, sannan ya ɗora tafin hannu a kan ƙarfen ya yi shiru. In ka yi magana a lokacin nan, ka jawo wa kanka. Babu rediyo a motar, shi ya cire ta da hannunsa. Yakan ce, "Inji na yi mini magana, ku kuna son in saurari ganga." Wanda ya buga ƙofa da ƙarfi kuwa, ko alhaji ne mai babbar riga, sai ya ji, "Sannu! Ta gidanku haka kake yi mata?"

Ba ya tuƙi bayan magariba. Idonsa ya daina gani sosai in duhu ya shiga, kuma bai ɓoye ba. In rana ta faɗi yana Badagishiri, nan zai kwana, fasinja su yi ta ƙunƙuni. Ba ya kuma ba kowa sitiyarinsa. Ni da na tashi a gidansa, ban taɓa matsar da motar nan ko taku ɗaya ba.

Da na gama lakwal, wato makarantar boko, ban bi shi tasha ba, na tafi Sakkwato na koyi gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki da mota, wadda mu nan muke kira kilim. Na dawo na buɗe shago kusa da kasuwa. Daga ranar sunana ya ɓace a bakin Kawu, na koma "mai ƙanƙara". Lokacin wayar salula ta fara shigowa gari, motocin da ake kawowa daga Kwatano sun cika hanya, kowace da kilim ɗinta, matasan direbobi suna rufe gilashi suna wuce tsoho yana zuba zufa. Abin ya riƙa ci mini rai. Wata rana na same shi a inuwar tasha na ce, "Kawu, ka ba ni motar nan kwana uku in sa mata kilim. Kyauta ce daga gare ni."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Mi za ka sa mata?"

Na sake faɗa. Na yi masa bayanin yadda ake ɗaura kwamfuresa, wato abin da ke matsa gas ɗin sanyi, a jikin inji, bel ya riƙa juya shi, a sa ragar fitar da zafi a gaban lagireto, a ja tiyo zuwa ciki. Ya bari na gama tsaf, sannan ya kira direbobin da ke kusa su zo su ji.

"Ku ji mai ƙanƙara. Wagga mota an ƙera ta babu wanga abu. Ƙarhin injinta an auna shi daidai ita da kayanta. Shi zai aza mata wani kaya bisa wuya, kuma shi toshe mata hanci da raga, sannan in hau tudun Malbaza da mutum tara. Kai, in ka ga tsohon jaki na tahiya lahiya da buhu biyu, sai ka ƙara mai na ukku don kana son shi?"

Aka yi ta dariya. Na tashi rai a ɓace, na yi rantsuwa a zuciyata ba zan sake ta da zancen ba. Abin haushin, gaskiya ya faɗa, kuma na san haka tun kafin in bar inuwar.

Dole nan in faɗi abin da ke tsakaninsa da mahaifina, don in ban faɗa ba sauran labarin ba zai zauna ba. Inna, mahaifiyata, ita ce ƙanwar Kawu, su biyu kaɗai uwarsu ta bari. An kai ta aure wani ƙauye a yankin Alela. Tana da tsohon ciki Kawu ya biyo ya tarar da ita tana daka cikin rana, ya fita ya wanke Baba tas a gaban mutane a bakin masallaci. Bayan kwana bakwai naƙuda ta zo da gardama. Ranar kasuwar Alela ce, motar Kawu na can, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a ƙafa. Mata suka ce a aika a kira shi. Baba ya ce ba zai roƙi mutumin da ya ci masa mutunci ba. Ya ɗaura wa jaki amalanke, aka shimfiɗa tabarma, aka kama hanyar likita da tsakar rana cikin bazara. Ina tafe a gefe ina riƙe mata zane don inuwa. Ba mu kai ba.

Kawu ya zo aka yi jana'iza, ya kama hannuna ya sa ni a mota, Baba bai hana ba. Daga ranar Kawu bai sake yi masa magana ba. Malamai sun yi masa nasiha cewa bai halatta a ƙaurace wa Musulmi ba, sai ya nemo wa kansa hanya: in Baba ya yi sallama zai amsa, cikakkiya, har da wa barakatuhu, amma ko "ina kwana" ba ya ɗorawa. Sunansa ma ba ya kamawa. In dole ta kama, sai ya ce mini "mutumen gidanku". Haka aka yi shekara ashirin. A bikin aurena tabarma biyu aka shimfiɗa musu.

Sai ga shekarar da ciwon zuciya ya kwantar da Baba. Na ɗauko shi daga ƙauye na kawo shi gidana. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya koma sai a zaune, in rana ta take kuwa sai mu riƙa jiƙa zane muna yi masa fifita yana haki. Tsakiyar bazara ce, irin wadda in ka taɓa ƙofar ƙarfe da azahar sai ka janye hannu. Likita ya rubuta mana takardar zuwa Yamai wajen masu duba zuciya, ya sa mana rana, saura kwana shida. Ya ja ni gefe ya ce kada mu yi tafiyar dare, don in numfashi ya sarƙe a daji ba mai taimako, da rana kuwa akwai inda za a tsaya a yi masa allura a Dogon Dutsi ko Dosso. Ya kuma ce, "Amma in kuka sa shi cikin mota mai zafi, ban yi maka alkawarin zai kai rabin hanya ba."

Wani ɗan kasuwa ya yi mini alkawarin motarsa mai kilim, washegari aka ce ta tafi Kwatano ɗauko kaya. Bas ba ta yiwuwa ga mutumin da sai an kishingiɗar da shi ana tsayawa. Na zaga tasha, kowa na da uzuri, wasu kuma na ga tsoro ne a idonsu, ba mai son a mutu masa a mota. Ban je wurin Kawu ba. Da wane baki? Shi ne ya zo. Ina zaune a shago na rasa abin da ke mini daɗi, na ji ƙarar injin da na sani tun ina yaro ta tsaya a ƙofa. Bai sauko ba. Ya leƙo ta taga ya ce, "Mai ƙanƙara, wanga shirme naka, kwana nawa kac ce yana ɗauka?"

Na ce uku.

"To kwaso tarkacenka. Motar ba ta aiki wanga mako."

Bai ambaci Baba ba, ni ma ban ambata ba.

Ban taɓa aiki mai wuya irin wannan ba, kuma rabin wuyar Kawu ne. Na tsallaka iyaka na samo kwamfuresa daga jikin wata motar da ta yi hatsari, da akwatin hura sanyi na wata ƙaramar bas, irin wanda ake ratayawa a rufi. Injin motar Kawu babu wurin ɗaura komai, sai da muka je wajen mai walda ya yanka ƙarfe ya ƙera mazauni. Sau uku ana yi, sau uku Kawu na ɗora igiya tsakanin bakin kwamfuresa da bakin inji ya ce ya karkace. Mai walda ya ce, "Tsoho, wanga ko gashin kai bai kai ba." Kawu ya ce, "Gashin kan ga shi ka cinye bel kahin Dosso. Sake." Da na zo huda rufi don rataya akwatin, ya juya baya ya tafi sallar la'asar tun ba a kira ba, don kada ya gani.

Rana ta uku na zuba gas, na kunna. Sanyi ya fito. Na sa hannu a bakin akwatin na yi kabbara, na juyo ina jiran ya ce wani abu. Ya ce, "Tana tsaye. Kowa na da ƙarhi yana tsaye. Shiga mu tahi Malbaza."

Da tsakar rana muka je. Ya tsaya wajen abokinsa mai babbar mota ya ari buhun siminti huɗu aka jera a baya. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce, "Biyu kai ne, don ka ci ka ƙoshi. Guda kaya. Guda mutumen gidanku, ciwo ya cinye shi." Ashe ya san yadda Baba ya rame, ban san ta ina ba.

Muka gangara, muka juyo muka kama hawan, gilashi a rufe, kilim na aiki. Idona na kan allurar da ke nuna zafin inji. Ta bar tsakiya, ta yi ta tafiya, ba mu kai rabin tudu ba ta shiga ja. Kawu ya kashe inji a gefen kwalta, muka ji ruwa na tafasa a cikin lagireto kamar tukunyar tuwo. Na zauna a kan dutse na dafe kai. Ina jiran ya tuna mini maganar jaki, wallahi da ya faɗa da ban ce komai ba. Bai faɗa ba. Ya jira ƙarfe ya huce, ya ƙara ruwa, ya ce, "Mi ya rage cikin dabararku?"

Washegari muka sa lagireto mai kauri na wata motar ɗaukar kaya, muka wanke hanyoyin ruwa, na ƙara fanka. Muka koma Malbaza da buhunanmu. Wannan karon ta kai kusan kan tudu kafin allura ta taɓa ja. Kusan. Hanyar Yamai kuwa yini ce guda, kwalta duk ramuka, dole a yi ta a hankali da mara lafiya, ga tuddai a gaba. Na ce masa ni dabarata ta ƙare. Ya ce, "To tahi ka shirya mutumenka. Sauran nawa ne."

A yammacin nan Iya ta ɗinke tamfol da tsohon bargo suka zama labule mai kauri, aka ɗaure shi daga rufi har ƙasa a bayan kujerar direba, ya raba motar gida biyu. Wannan na gane shi, ɗan sanyin da akwatin ke bayarwa ya tsaya a baya kada ya watse. Na bar Kawu kwance ƙarƙashin sitiyari da filaya a hannu. Da na tambayi abin da yake nema can, ya ce in bar masa haske.

Bayan asuba muka fito da Baba. An cire kujerar tsakiya an sa katifa da matasai. Baba ya ga wanda ke riƙe da sitiyari, ya dube ni, ya tattara ɗan numfashinsa ya yi sallama. Kawu ya amsa, cikakkiya, yana kallon gaba. Na zo zan sa jakata a kujerar gaba, na tarar da jarkar ruwa biyu zaune a kai. Na ce ƙanen Baba na son ya raka mu, ga wuri. Kawu ya ce, "Ba mai zama gaba." Na ji zafin maganar. Na ce a raina, ko yau ma sai ya nuna riƙonsa, ba ya son ko jinin Baba kusa da shi. Na shiga baya na ja labule da ƙarfi.

Har hantsi ba mu kunna komai ba. Da rana ta fara cizo Kawu ya ƙwanƙwasa rufi, alamar da muka yi, na murɗa maɓalli. Sanyi ya sauko a hankali. Na ga kafaɗun Baba sun saki, hakin ya ragu, har ya rufe ido. Rabona da in ga ya yi barci da rana tun kafin zafi ya shigo. Ni kuwa ban iya sakin jiki ba. Allurar na can gaba, labule ya tsare ni, sai kunne. Duk inda na ji inji ya canza murya, ya sauke giya, na san tudu ne, sai in riƙe numfashi ina jiran ya ƙwanƙwasa in kashe. Muka hau na farko, shiru. Muka hau na Dogon Dutsi rana na tsaka, shiru. Na fara jin kaina. Na ce lallai lagireton nan da fankata sun yi aiki, in mun dawo sai na tara direbobin da suka yi mini dariya. Abu ɗaya na riƙa ji ban gane ba, ƙarar zuba ruwa can gaba, jefi-jefi, mota na tafiya.

A Dosso muka tsaya azahar, a inuwar wata bishiya kusa da masallaci. Ya bar inji na aiki saboda Baba. Na zagayo na buɗe ƙofar gaba don in ɗebi ruwan alwala, sai wani huci ya buge ni a fuska har na ja da baya. Tagogin gaba duk a buɗe suke, amma wurin ya fi bakin tanda. Na sunkuya. Iska mai zafi ce ke fitowa daga ƙarƙashin sitiyari da ƙarfinta.

Sai a nan na gane. Motocin Turawa na zuwa da wani abu da ake kira shofaj, wanda suke kunnawa a ƙasarsu lokacin sanyi. Ruwan inji mai zafi yake ja ta cikin wata ƴar raga, fanka ta huro zafin a ƙafafun direba. Nan ƙasar ba mai amfani da shi, makanikai toshe tiyonsa suke yi su manta. Shi Kawu ya kwanta ya buɗe jiya. Duk zafin da shofaj ya huro ciki, zafi ne da ya rage wa inji. Tun hantsi abin na buɗe har ƙarshe, kuma bakinsa daidai ƙafar da ke kan totur yake.

Ya naɗe ƙafar da tsumma, jarka ɗaya ta kusa ƙarewa. Na durƙusa na warware tsumman yana buge mini hannu. Daga idon sawu zuwa tsakiyar ƙwauri fatar ta yi jawur, ta tashi ƙuraje manya masu ruwa, biyu sun fashe. Rigarsa kamar an tsamo ta daga rijiya. Mutum mai shekara kusan saba'in.

Na ce, "Kawu, don girman Allah! Mu kashe, mu jira la'asar."

"La'asar ta kai mu magariba bisa hanya, ni kuma ba ni gani. Rufe mini ƙofa."

"To a rage shi."

"In na rage, allura ta hau. Na gwada tun Dogon Dutsi." Ya karɓe tsumman ya jiƙa ya mayar. Sannan ya kama wuyan rigata ya jawo ni kusa, ya rage murya. "In ka hwaɗa mai, ban yahe ba."

Ya yi alwala, ya yi salla a zaune a bakin ƙofar mota. Na cika jarkunan a famfon masallaci ina kuka kamar ƙaramin yaro, mutane na kallona. Na koma bayan labule cikin sanyi, kuma ban taɓa jin kunyar sanyi ba sai ranar. Ban faɗa wa Baba komai ba. Amma idonsa biyu, tamfol da bargo kuma ba bango ba ne.

Rana ta yi sanyi muka shiga Yamai. A ƙofar asibiti na ruga na samo keken marasa lafiya, ni da wani ma'aikaci muka ɗora Baba. Yana numfashi, da kansa ma ya gyara hularsa. Kawu ya sauko yana dafa mota, ya tsaya a kan ƙafa ɗaya. Za mu wuce, Baba ya miƙa hannu ya kama gefen rigarsa. Ya dubi tsumman da ke ƙafar, ya daɗe yana kallo. Ma'aikacin ya ce mu yi sauri, na ce ya dakata.

Baba ya ce, "Yaya." Ya tsaya ya nemi iska. "Ranar nan. Da na aiko maka."

Kawu bai janye rigarsa ba. Shekara ashirin ban ga ya dubi fuskar Baba ba sai lokacin.

Ya ce, "Da ka aiko, da na zo." Sannan ya ɗora hannu a kan hannun Baba, ya cire shi daga rigar a hankali, ya mayar masa a cinya. "Ga shi na zo. Ku shiga da shi."

Baba ya ƙara shekara huɗu a duniya, a gidana ya rasu, kan katifarsa, Kawu na zaune a gefensa. Yanzu shi ma ya bi su. Ya Allah, ga bawanKa nan ya iso da faɗansa da riƙonsa, Ka fi mu sanin sauran. Ka yafe masa, Ka haɗa shi da ƙanwarsa, Ka sanyaya masa kabari.